Tsufa A Ƙasar Wani: Abin Da Ya Kamata Ɗalibin Gaya Da Ajingi Ya Sani Kan Biza, Banki Da Takardu

A gidaje da yawa a Gaya da Ajingi, ɗan makaranta shi ne magatakardan gida. Idan saƙon murya ya shigo daga Makka, shi ake kira ya kunna wa kaka. Idan kawu ya ce ya turo kuɗin taki, shi ake aika wurin mai POS ya duba ko sun shigo. Idan banki ya turo saƙo da Turanci, shi ake miƙa wa waya ya fassara. Daga Kademi zuwa Shagogo, daga Toranke zuwa Kunkurawa, da wuya ka rasa gidan da ke da wani nasa a waje, ko a Saudiyya, ko Sudan, ko Nijar, ko Gana.

Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba a lokacin da ake murnar shigowar kuɗi. Wannan kawun da ya shekara 20 yana turo aike, idan ƙarfinsa ya ƙare, a ina zai zauna? Ƙasar da ya yi wa aiki za ta bar shi ya tsufa a cikinta? Idan kuma ya dawo gida, me zai tarar a asusunsa na banki? A wannan mako za mu duba waɗannan tambayoyi, domin amsarsu tana shafar wanda ke can, tana kuma shafar ka, kai da kake mafarkin fita wata rana.

Fita ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Tarihin baka na Kano ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya ya je Dutsen Dala neman tama, ya zauna a can, kuma har yau ana kiran zuriyar waɗannan maƙera Abagayawa. Ke nan mutumin Gaya ya san fita neman na kai tun kafin a san wani abu wai shi fasfo.

Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, alhazan ƙasar Hausa gabas suke fuskanta da ƙafa ko a kan dabbobi. Sukan bi ta Borno, su ratsa Wadai da Darfur, su isa gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, sannan su tsallaka Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, ana yi ana tsayawa noma ko ƙodago don a tara guzuri. Wasu sun zauna a hanya ba su ƙarasa ba, wasu sun isa ba su dawo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa Sudan, kuma garin da suka kafa a bakin Kogin Nilu har yau sunansa Mai Wurno.

Jikokin waɗanda suka zauna a Hijaz tun wancan zamani da yawansu yanzu cikakkun 'yan Saudiyya ne. Masu kallon ƙwallo za su tuna Osama Hawsawi, kyaftin ɗin Saudiyya a Gasar Cin Kofin Duniya ta 2018. Sunan nan Hawsawi ma'anarsa Bahaushe. To amma kakanninsa sun shiga ne a lokacin da ƙofa take buɗe. Yau ƙofar tana da mai gadi, kuma abin da mai gadin ke tambaya shi ne takarda.

Mece ce bizar ritaya?

Biza izini ce da wata ƙasa ke ba baƙo ya shiga cikinta, don wani dalili da aka ambata, na wani lokaci da aka ƙayyade. Akwai ta ziyara, ta karatu, ta aiki, ta jinya, ta Umara. Kowacce da iyakarta, kuma wanda ya shiga da guda ya yi aikin wata ya karya doka.

Ita bizar ritaya ana ba da ita ne ga dattijon da ya gama aiki, yake so ya je wata ƙasa ya huta. Sharaɗinta kusan ɗaya ne a ko'ina: ka nuna kana da kuɗin da za ka riƙe kanka, ka sayi inshorar lafiya, kuma ba za ka nemi aikin da 'yan ƙasa ke nema ba.

Ga misalai. Tailan tana karɓar wanda ya kai shekara 50, idan ya ajiye baht 800,000 a bankin ƙasar ko yana samun baht 65,000 a wata, kuma duk kwana 90 sai ya sanar da hukumar shige da fice inda yake zaune. Malesiya, inda ɗaliban Kano da dama suka yi karatu, ta buɗe irin wannan shiri a 2002, sannan a 2021 ta tsaurara shi, ta ce sai mai samun ringit 40,000 a wata daga wajen ƙasar. Dubai ta ƙaddamar da nata a watan Satumban 2020, biza ta shekara 5 ga wanda ya kai 55. A lokacin ƙaddamarwar an nemi ɗaya cikin uku: samun dirhami 20,000 a wata, ko ajiyar dirhami miliyan 1, ko gida na dirhami miliyan 2.

Mu ɗan yi lissafi irin na aji. Dirhami 20,000 ya haura dala 5,400. Idan aka ɗauki dala a kan Naira 1,500, ya zarce Naira miliyan 8 a kowane wata. Ka kwatanta wannan da mafi ƙarancin albashi na Naira 71,000 da Jihar Kano ta amince da shi a 2024, za ka gane wa aka yi wa wannan biza.

Amurka ba ta da bizar ritaya. Birtaniya ta taɓa samun irinta, amma ta rufe a 2008. Ita ma Najeriya, a tsarin biza da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Fabrairun 2020, wanda ya kasa biza gida 79, ta tanadi ta masu ritaya. Darasin a fili yake: ƙasa tana karɓar baƙo ne ko don ƙarfinsa, ko don iliminsa, ko don kuɗinsa. Wanda ya tsufa ba shi da ko ɗaya cikin ukun, zamansa yana kan siraɗi.

Makka da Madina, inda zuciya ta fi karkata

Dattijon Gamarya ko Balare ba Tailan yake mafarki ba. Burinsa ya ƙarasa rayuwarsa kusa da Harami, a yi masa salla a can, a binne shi a can. Buri ne mai kyau, amma Saudiyya ba ta da bizar ritaya irin waɗanda muka lissafa.

Abin da baƙo ke zama da shi a Saudiyya shi ne iƙama, wato katin izinin zama, kuma galibi a ɗaure take da kafili, mutumin ko kamfanin da ya ɗauke shi aiki. Da iƙama ake buɗe asusun banki, da ita ake yin hayar gida a hukumance, da ita ake sa yaro a makaranta, da ita ake tura kuɗi gida ta hanyar da doka ta sani. Idan aiki ya ƙare kuma ba a samu wani kafilin ba, iƙama ta ƙare, sai shirin fita. A watan Maris na 2021 an sassauta dokar, ma'aikacin kamfani ya samu damar sauya wurin aiki ko fita ƙasar ba sai da yardar kafili ba, bisa wasu sharuɗɗa. Sai dai sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, alhali nan ne mutanenmu da yawa suke.

Zama da iyali ma yana da tsada. Daga watan Yulin 2017 aka fara karɓar riyal 100 a wata a kan kowane mutum da baƙo ke riƙe da shi, aka yi ta ƙarawa har ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya 4 zai biya riyal 2,000 a wata, wato 24,000 a shekara, kafin a zo maganar haya da abinci. Wannan ne ya sa magidanta da yawa suka maido da iyalansu gida.

Akwai hanyar zama ba tare da kafili ba, wadda aka buɗe a 2019. Mutum zai biya riyal 800,000 sau ɗaya ya samu izinin dindindin, ko riyal 100,000 a kowace shekara. Da yake riyal 3.75 ne dala ɗaya, na dindindin ɗin ya kai kimanin Naira miliyan 320 a lissafinmu na ɗazu. A watan Janairun 2024 an ƙara wasu rukunoni, har da na masu ƙwarewa ta musamman a fannoni irin su lafiya da binciken kimiyya. Wannan rukuni shi ne ya kamata ɗalibi ya sa wa ido, domin shi ne wanda ilimi ke buɗewa, ba gadon dukiya ba.

Rayuwar takari

Sai kuma hanya ta uku, wadda kowa ya sani amma ba a son faɗa a bainar jama'a: mutum ya shiga da bizar Umara ko ta ziyara ya ƙi dawowa. Wannan shi ne zaman takari. Wanda ke wannan hali ba shi da asusun banki, sai ya ba wani ajiya ko ya ɗinke kuɗinsa a cikin katifa. Idan mai aiki ya hana shi haƙƙinsa, ba shi da inda zai kai ƙara, domin zuwa wurin hukuma kai kansa ne. Idan ciwo ya kama shi, zuwa asibiti sai an yi shawara. Hukuncin wanda ya wuce wa'adin bizarsa yakan kai tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata 6, sannan a kore shi. A Hajjin 2025 an sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga duk wanda aka kama yana aikin Hajji ba da izini ba, tare da korar baƙo da hana shi shiga ƙasar har shekara 10.

Lokaci zuwa lokaci hukuma kan yi shara. A watan Nuwamban 2013, bayan ƙarewar wa'adin afuwa, an kama dubban baƙi daga ƙasashe daban-daban aka mayar da su gida. A watan Maris na 2017 an sake ba da afuwar kwana 90 ga wanda zai fita da kansa. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 kuma aka yi gagarumin rusau a Jidda, wanda ya haɗa da unguwanni irin su Karantina, inda baƙi 'yan Afirka suka daɗe da zama. Wanda aka kama akan kai shi sansanin Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, ya jira takardar tafiya ta gaggawa daga ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda. Mutum ya shekara 30 yana tara abin duniya, ya sauka a Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano da jaka ɗaya.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne yaran da aka haifa a can. Haihuwa a Saudiyya ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Amma sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk wanda aka haifa a waje, muddin uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan Najeriya ne. Idan akwai irin wannan yaro a danginku, haƙƙinsa ne a yi masa takardun Najeriya, kuma gara a yi tun iyayensa suna raye, suna iya ba da shaida.

Ranar da ƙarfi ya ƙare

A Najeriya, dokar fansho ta 2004 wadda aka sabunta a 2014 ta ce ma'aikaci ya riƙa ajiye kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai aikin ya ƙara kashi 10, a tara a asusu mai sunan ma'aikacin. Shi kuwa baƙon da ke aiki a Saudiyya ba ya cikin tsarin fanshon ƙasar. Abin da dokar ƙwadago ta ba ma'aikacin kamfani shi ne kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan.

Ga lissafi na biyu. A ce albashin mutum riyal 1,500 ne, ya yi shekara 20. Biyar ɗin farko sun ba shi 3,750, sauran 15 sun ba shi 22,500. Jimilla riyal 26,250. Kuɗi ne masu auki idan aka canza su, amma sau ɗaya ake bayarwa, kuma su ne za su riƙe shi sauran rayuwarsa. Idan duk abin da ya turo a shekara 20 an cinye shi a biki da suna da cefane, da wannan kaɗai zai dawo. Shi ya sa iyalin da ke karɓar aike suke da nauyi a wuyansu: a ware wani abu a sa a gona, ko dabbobi, ko fili, da sunan mai turowa, da takarda da shaidu. Akwai kuma tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu da aka ƙaddamar a watan Maris na 2019, wanda mutum ke zuba abin da ya sawwaƙa.

Shi kuma wanda ya yi ritaya a gida yake so ya koma waje da fanshonsa, ya tuna da abin da ya faru a watan Yunin 2023, lokacin da aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Kafin nan dala tana wajen Naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Fanshon Naira 100,000 da ya kai dala 217 ya koma bai fi dala 67 ba. Fansho da Naira ake biya, haya a waje kuwa da kuɗin waje.

Maƙwabta ma sai da takarda

Wani zai ce to ai Nijar da Gana gida ne. Gaskiya ne yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasar yankin ba biza, amma na kwana 90 ne. Wanda zai zarce haka sai ya nemi izinin zama. Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. Duk da cewa ƙungiyar ta ce a ci gaba da zirga-zirga kamar da kafin a cimma sabuwar matsaya, mai hankali ba zai tsallaka iyaka ba shaida a aljihu ba.

Tarihi ya riga ya yi mana gargaɗi. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako 2 ya fice. Hausawa da Yarabawa da yawa, wasu a zangon Kumasi aka haife su, suka bar gidaje da rumfuna suka taho. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin haka ga baƙi a Najeriya, akasarinsu 'yan Gana. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ma ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, ta ce baƙon da zai yi fatauci sai ya zo da jarin dala miliyan 1, kuma a kan haka aka rufe shagunan 'yan Najeriya da dama a 2019 da 2020.

A Sudan kuwa, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rutsa da ɗalibanmu masu yawa. Bankuna suka rufe a Khartum, aka kwaso ɗalibai a motoci zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki suna jira, wasu kuma ta Port Sudan. A irin wannan rana, wanda fasfonsa ke hannunsa kuma ofishin jakadanci ya san da zamansa, shi ne ke gaba a layi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne.

Gida biyu maganin gobara

Duk wanda zai zauna a waje, kada ya bari asusunsa na gida ya mutu. Ga abubuwan da ke kashe shi.

Na farko, rashin BVN ko NIN. An ƙaddamar da BVN a watan Fabrairun 2014, lamba ce mai alƙaluma 11 da ke haɗa duk asusun mutum da zanen yatsunsa. A ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya ba da umarnin cewa daga watan Maris na 2024 a dakatar da cire kuɗi daga asusun da ba a haɗa shi da waɗannan lambobi ba. A da, wanda ke waje sai ya nemi cibiya ta musamman ko ya jira ya dawo gida. A watan Mayun 2025 aka ƙaddamar da NRBVN, wadda ɗan Najeriya mazaunin waje zai nema ta intanet daga inda yake. Tun a watan Janairun shekarar kuma CBN ya amince da asusu iri biyu na mazauna waje, ɗaya na ajiya, ɗaya na zuba jari. Sai dai duka suna bukatar ingantacciyar shaida, abin da ke mayar da mu kan maganar takarda.

Na biyu, barin asusu ba motsi. A ƙa'idar CBN ta 2024, asusun da ya shekara ɗaya mai shi bai taɓa shi ba ya zama mai barci, sai an je an farfaɗo da shi. Idan ya shekara 10 a haka, za a kwashe kuɗin zuwa wani asusu na musamman a CBN. Kuɗin ba su ɓata ba, mai su ko magadansa za su iya nema, amma sai da hujja.

Na uku, layin waya. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani kan rufe shi, daga baya ya sayar wa wani lambar. Idan da wannan lamba aka buɗe asusu, saƙonnin banki da lambobin sirri wurin baƙo za su riƙa zuwa. Wanda zai yi tafiya ya tabbata layinsa yana raye, ko ya sauya lambar a banki kafin ya tashi.

Game da aike, Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya mazauna waje suna turo kimanin dala biliyan 20 a shekara. Tura kuɗi zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara shi ne mafi tsada a duniya, kusan kashi 8 cikin 100 a kan dala 200, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko da shi ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Tun daga farkon 2024 kuma kamfanonin aike da Naira suke biyan mai karɓa. Wannan ya sa mutane da yawa suka fi son ba ɗan canji riyal a can, abokin huldarsa ya biya Naira a nan, ko a ba alhaji mai dawowa saƙo. Hanya ce da aka gina kan amana, amma ranar da aka samu saɓani babu rasit da za a nuna. Ko ta wace hanya aka turo, kai magatakardan gida ka samu littafi ka riƙa rubuta rana, da adadi, da abin da aka yi da kuɗin. Wannan littafi zai iya hana zumunci lalacewa.

A kula kuma: wanda aka rubuta a banki a matsayin makusanci ba shi ne magaji ba. Idan mai asusu ya rasu, banki zai nemi takardar shaidar rasuwa da takardar kotu kafin ya saki kuɗi, sannan a raba gado yadda shari'a ta tsara.

Ƙananan abubuwa masu babbar illa

Fasfon Najeriya iri biyu ne, mai shafi 32 na shekara 5, da mai shafi 64 na shekara 10. Daga 1 ga Satumban 2025 kuɗinsu a cikin gida ya koma Naira 100,000 da Naira 200,000. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai kai wata 6 ya ƙare ba. Fasfonka kuma naka ne, ba na kafili ko ejan ba. Ka ɗauki hotonsa ka bar kwafi a gida.

Akwai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Mai fita da kuɗin da suka haura dala 10,000 wajibi ne ya bayyana su ga jami'an kwastam. Dattijo mai shan maganin hawan jini ko ciwon sukari ya tafi da takardar likita, domin wani maganin da ake saya a kemis a nan, a can laifi ne. Hukumar alhazai ma kullum tana gargaɗi kan ɗaukar goro zuwa Saudiyya.

Kada ka karɓi jakar kowa, kuma ka ƙirga tambarin da aka manna wa kayanka. A watan Disambar 2018 an kama wata ɗaliba a Madina saboda wata jaka mai ɗauke da tramadol da aka sa wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba. Sai da ta yi wata 4 a tsare kafin bincike ya wanke ta, aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019.

Idan kuma ejan ya ce zai kai ki aikin gida, ya ce ba sai kin ga takardar yarjejeniya ba, ko ya ce ki shiga da bizar ziyara a gyara daga baya, ki tsaya. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana da ofishi a Kano, kuma tambaya kyauta ce.

Aikin da ke gabanka

Duk wannan dogon bayani yana farawa ne daga teburin ajinku. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma da wannan NIN ɗin za a yi maka fasfo. Ka ɗauko takardar haihuwarka ta Hukumar Ƙidaya, da takardar shaidar ƙaramar hukuma ta Gaya ko Ajingi, da katin NIN, da sunan da makaranta ta tura wa WAEC ko NECO, ka jera su. Idan a nan Muhammad ne, a can Mohammed, a wani wurin kuma Mamman, ko ranar haihuwa ta bambanta, ka nuna wa mahaifinka da malamin ajinku a gyara tun yanzu. Harafi ɗaya ya isa ya tsayar da fasfo, ko ya hana fansho fita bayan shekara 40.

Sannan idan kawu ya kira a wannan mako, bayan gaisuwa, ka tambaye shi cikin ladabi: Kawu, yaushe iƙamarka za ta ƙare? Fasfonka yana hannunka? Layin da ka buɗe asusu da shi yana aiki? Akwai abin da aka ajiye da sunanka a gida? Wataƙila ya yi dariya ya ce yaro ya girma. Wataƙila kuma ya yi shiru, ya ce ka ba shi babanka su yi magana.